Manomin fili da abin da ƙasa ke gaya masa a bazara

Na daɗe ina bibiyar yadda noma ke tafiya a manyan filayen ƙasashen sanyi, irin na tsakiyar Amurka da kudancin Kanada da Yukren, inda mutum zai wuni yana tafiya bai ga tudun kirki ba. Watannin da suka fi ɗaukar hankalina su ne Maris da Afrilu da Mayu, wato bazarar can, lokacin da hunturu ke janye jiki, dusar ƙanƙara ta narke, kowa ya fara tambayar yadda shekara za ta kasance. Na lura cewa idan aka yi wa gogaggen manomi wannan tambaya, kafin ya ɗaga kai ya dubi sama sai ya sunkuya ya dubi ƙasa, kuma a ganina shi ne ya san inda amsar take.

Dalili shi ne ruwan waɗannan wurare ba ya da yawa. Tun a shekarar 1878 masanin ƙasa John Wesley Powell ya gargaɗi hukumomin Amurka cewa yammacin filayen nan, inda ruwan shekara ba ya kaiwa kimanin milimita 500, ba wurin da za a dogara da ruwan sama kaɗai ba ne. Saboda haka danshin da ƙasa ta ajiye tun daga kaka da hunturu shi ne jarin manomi. Akan soka siririn sandan ƙarfe a gona a danna; muddin akwai laima sandan zai yi ta shiga, da zarar ya taras da busasshiyar ƙasa sai ya cije. Wanda sandansa ya nutse fiye da mita guda zai koma gida da kwanciyar hankali. Wanda nasa ya tsaya a taƙi ɗaya kuwa ya san cewa rayuwar shukarsa ta rataya a kan ruwan Mayu da Yuni, ko da kuwa saman gonar ya yi kore shar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin alkamar hunturu. Ana shuka ta a Satumba ko Oktoba, ta tsiro, sanyi ya kwantar da ita, sannan ta farfaɗo idan bazara ta shigo, a girbe ta a Yuni ko Yuli. Tana kwance tana jure sanyi mai tsanani, musamman idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta kamar bargo. Amma da ta miƙe ta fara gaɓa, juriyarta sai ta yi ta raguwa. Idan ta yi ciki, sanyin da ya kai digiri 2 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas na awa biyu ya isa ya yi mata illa, in kuwa ta fitar da kai tana fure, digiri 1 ƙasa da sifili ma ya isa. Wannan ne ya sa ɗumin da ya zo da wuri a watan Maris ba abin murna ba ne, domin yana ruɗar alkama ta yi gaggawar tashi, daga baya dare ɗaya na watan Afrilu ya same ta ba kariya. Ɓarnar ba ta bayyana nan take. Sai bayan kwana huɗu ko biyar manomi zai tsuguna ya tsaga kara da wuƙa ya duba ɗan kan da ke ciki. In ya same shi da ƙwari, fari mai ratsin kore, to ya tsira. In ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, wannan karan ba zai ba da ƙwaya ba, ko da ganyensa ya ci gaba da sheƙi.

Mai masara kuma jarrabawarsa haƙuri ce. Irin masara ba ya tsirowa da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai kusan digiri 10, kuma wanda aka zuba a ƙasa mai sanyi da jiƙa yakan ruɓe ko ya fito a raunane. Shigar da tarakta gona tun ƙasa ba ta tsane ba yana danne ta, saiwa ta kasa ratsawa har ƙarshen damina. Shekarar 2019 ta nuna iyakar abin da yawan ruwa ke iya yi. A tsakiyar Maris ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara alhali ƙasa na daskare, ruwan ya rasa inda zai shige, kogin Misuri da rassansa suka tumbatsa a jihohin Nebraska da Ayowa. Ruwa ya ci gaba da zuba har cikin Mayu, kuma a ƙarshe fiye da eka miliyan 19 ne aka kasa shukawa a faɗin Amurka.

Sai iska, wadda ba ta da abin da zai tare ta a fili, kuma a bazara ta fi ƙarfi, daidai lokacin da gonaki da yawa ke tsirara. A ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mayar da rana dare a sassan Oklahoma da Tekzas da Kansas, bayan shekarun fari da nome ciyawar da ke riƙe ƙasa. Kafin watan ya ƙare aka kafa hukumar kare ƙasar noma ta Amurka, wadda Hugh Hammond Bennett ya shugabanta. Daga wannan wahala aka koyi dasa jerin itatuwa don karya iska, da barin karan bara a tsaye a gona. Ni kam ina ganin barin kara ya fi kowace dabara amfani, domin yana kama dusar ƙanƙara kada iska ta kwashe ta, yana rage ƙafewar laima, yana kuma riƙe ƙasa.

Ban raina hasashen masana yanayi ba. Sanin cewa sanyin ruwan tekun Fasifik, wanda ake kira La Nina, yakan jawo ƙarancin ruwa a kudancin filayen Amurka yana taimaka wa manomi ya rage yawan iri, ko ya koma ga dawa mai jure fari maimakon masara. Sai dai hasashen wata uku rinjaye kawai yake nunawa, ba ya faɗin ranar da hadari zai haɗo ko gonar da ƙanƙara za ta daka. Masu ban ruwa ma ba su kuɓuta ba, tun da taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Ogallala, wadda ke shimfiɗe ƙarƙashin jihohi 8, ana jan ta fiye da yadda take cika, har rijiyoyin wasu sassan Kansas da Tekzas sun ja baya ƙwarai. Shi ya sa duk lokacin da na ga labarin cewa bazara ta zo da kyau, abin da nake fara nema a ciki shi ne zurfin da laima ta kai, da kuma matakin da alkama take a daren da sanyin ƙarshe ya sauka.