Ashe ƙafata ta hagu ce ke magana

Yau da safe abokina ya ara mini fedarsa mai auna ƙarfin ƙafa biyu, na ɗaura a kekena tare da 'yar na'urata mai araha, wadda ita ma ƙarfin taka feda take aunawa. A hawan da na saba, tawa ta nuna wat 240, tasa 226 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi). Gabana ya faɗi, na zaci shekara guda ƙarya take yi mini.

Da muka duba, ashe ƙafata ta hagu ke ba da kashi 53 cikin ɗari na ƙarfin, dama 47. Tawa kuwa hagu kaɗai take aunawa, sai ta ninka biyu. Aikinta ta yi daidai. Kullum ma'auni ɗaya take ba ni, da shi na ga ƙarfina yana ƙaruwa wata bayan wata. Ba zan sayar da ita ba, ƙafar damata zan fara kula da ita.