Nisan da Ke Tsakanin Abuja da Jidda ta Sama

Duk lokacin da aikin Hajji ya gabato, tambayar da maniyyata suka fi yi a Abuja ita ce awa nawa jirgi zai yi kafin ya sauka a ƙasa mai tsarki. Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,700 idan aka auna shi a miƙe. Jiragen fasinja na zamani suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda bayan sun daidaita a sama, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki awa biyar ko kusa da haka. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, wanda shi ya sa mutum kan ga kamar ya yi awa bakwai idan ya dubi lokacin sauka a tikitinsa.

Sai dai a ganina, wannan adadi na kilomita ba shi ne ainihin abin da ke yanke tsawon tafiya ba. Miƙaƙƙiyar hanya daga Abuja tana ratsa sararin samaniyar Chadi, ta shiga Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya, kuma jirgi ba ya keta sararin wata ƙasa sai da izininta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagayawa, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Nijeriya suka nemi ƙarin kuɗi a wannan shekarar. Jidda ba ta gusa ko taku ɗaya ba, amma a aljihun alhaji ta yi nisa. Irin haka ta faru a watan Agustan shekarar, lokacin da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Nijeriya suka koma bin doguwar hanya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, layin da jirgi ke bi a yau bai yi nesa da hanyar da kakanninmu suka taka da ƙafa ba. Sukan bi ta Borno su shiga Chadi, su ratsa Darfur har bakin teku a Sawakin, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, tafiyar da kan ci shekaru. Da yawa ba su dawo ba, kuma zuriyarsu na nan a Sudan, musamman a garin Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu Shuɗi, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wanda kuma zai taso daga Jos ya kama jirgi a Abuja, sai ya lissafa da hanyar Akwanga da Keffi, wadda ba ta kai kilomita 300 ba amma takan cinye masa kusan lokacin da jirgin zai yi har Jidda.