Abin da rikicin matuƙan US Airways ya koya min game da siniyoriti

Ranar da malaminmu na kwas ɗin hulɗar ma'aikata da masu kamfani ya raba mana batutuwan furojet, ni rikicin matuƙan jirgin US Airways da America West kan wa zai kasance gaba da wa bayan an haɗe kamfanonin biyu ya faɗo min, kuma tun kafin in buɗe takarda ɗaya na riga na yanke hukunci a raina. Wanda ya riga shiga aiki ai shi ne gaba, wa wa ne ƙane ƙane ne, a jera su bisa ranar da aka ɗauki kowa shikenan, meye abin zuwa kotu a ciki? Wata uku na yi ina karatun abin bayan na tashi daga ofis, kuma wallahi ban fito da ra'ayin da na shiga da shi ba.

Sai da na fara gane mece ce lambar siniyoriti, wato ta daɗewa a aiki, tukuna. A Amurka ranar da kamfanin jirgi ya ɗauki matuƙi ake ba shi lamba a jerin ma'aikata, kuma kusan duk rayuwarsa a jikinta take rataye. Ita ke cewa yaushe zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu ya zama kyaftin, wane irin jirgi zai tuƙa, ƙarami mai zagayen cikin gida ko babba mai tsallaka teku inda kuɗin yake, a wane gari zai zauna, ko zai yi hutun ƙarshen shekara da iyalinsa ko yana sama, in kuma kasuwa ta lalace daga ƙasan jerin ake fara sallamar mutane hutun dole ba albashi. Abin da ya fi ɗaure min kai, lambar ba ta bin ka. Ko shekara ashirin ka yi kana kyaftin, ka koma wani kamfanin daga can ƙasa za ka fara kamar yaron da ya zo jiya.

To a 2005 aka yi majar, wato aka haɗe kamfanonin biyu suka zama ɗaya. US Airways tsohon kamfani ne na gabashin ƙasar amma ya durƙushe har sau biyu, 2002 da 2004, an yanke albashin matuƙansa, an soke fanshonsu, wajen mutum 1,700 suna gida a hutun dole, wasunsu tun ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauke su. Shi kuwa America West na jihar Arizona sai 1983 ya fara tashi, matuƙansa ba su kai 2,000 ba, yawanci ba su daɗe ba amma suna kan aikinsu, kuma shugabansu Doug Parker ne ya riƙe sabon kamfanin. Mutanen gabas, wato na US Airways, suka ce a bi ranar ɗaukar aiki. Mutanen yamma, na America West, suka ce ina, kamfaninku yana bakin kabari muka zo, ta yaya wanda ba shi da aiki ma a ranar maja zai zo ya hau kan kyaftin ɗin da ke tuƙi yau?

A nan ra'ayina ya fara girgiza, don na zauna na lissafa abin a takarda, in aka bi ranar ɗaukar aiki zalla kusan duk 'yan yamma ƙasa za su gangara, kuma duk ranar da aka zo rage ma'aikata su za a fara kora, alhali ba kamfaninsu ba ne ya karye. Amma kuma in ka juya ta ɗaya ɓangaren sai tausayi ya kama ka. Kowa ya san jirgin US Airways ɗin nan, mai matuƙa 'yan gabas, da ya sauka a kogin Hudson ranar 15 ga Janairun 2009, kowa ya san kyaftin Sullenberger, amma mutum nawa ne suka kula da wanda ke zaune a damansa? Jeff Skiles ya haura shekara 20 a kamfanin, ya yi awa sama da 20,000 a sama, ya ma taɓa zama kyaftin, raguwar kamfanin ce ta mayar da shi kujerar mataimaki. Shi kansa Sullenberger ya faɗa wa majalisar dokoki a watan da ya biyo baya cewa an yanke masa kashi 40 cikin ɗari na albashi kuma fanshonsa ya tafi. Mutanen da aka karɓe wa komai haka, shekarunsu na aiki kaɗai suka rage musu, su ne kuma ake cewa su ma a rage musu daraja.

Duka ɓangarorin a yuniyan ɗaya suke, ALPA, kuma dokarta ta ce in an kasa daidaitawa a je wajen mai sasanci, hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Suka amince da George Nicolau. A watan Mayun 2007 ya fitar da jerin, ya sa manyan 'yan gabas wajen 500 a sama saboda manyan jiragen ƙetare nasu ne, ya cakuɗa sauran, waɗanda ke hutun dole a lokacin maja kuma ya sa su a ƙasa, ƙarƙashin sababbin ɗaukan yamma. 'Yan gabas suka ce ba su yarda ba, da yake sun fi yawa sai suka kaɗa ƙuri'a suka fice daga ALPA suka koma sabuwar yuniyan da suka kafa, USAPA, a 2008, suka rubuta ranar ɗaukar aiki a cikin tsarin mulkinta. 'Yan yamma suka garzaya kotu a Phoenix, suka ci a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe a 2010 wai lokacin shari'ar bai yi ba tukuna, haka dai aka yi ta ja.

Ni a nan ne na rabu da 'yan gabas duk da zuciyata na tare da su. Ka yarda da alƙali, ka kai hujjojinka, ya yanke bai yi maka daɗi ba sai ka yi amfani da yawanka ka rushe kotun gaba ɗaya, gobe wa zai ƙara zama da kai? Kuma su wa abin ya ci? Tun da babu jeri ɗaya babu sabon kwantiragi ɗaya, don haka shekara da shekaru jirage fenti ɗaya, yunifom ɗaya, amma ɗan gabas ba ya tuƙi da ɗan yamma, kowa na kan tsohon albashinsa, 'yan gabas ma a kan na zamanin durƙushewa, kamfani kuwa yana ta samun sauƙin kuɗin da ya kamata ya biya su. Sai da aka sake wata majar da kamfanin American Airlines a Disambar 2013 albashi ya motsa sosai, jerin ƙarshe kuma sai 2016. Shekara 11, wasu har sun yi ritaya a ciki.

Kamfanonin jirgi na Delta da Northwest da suka zo tasu majar a 2008 sun ga abin da ya faru, sai matuƙan suka fara kammala kwantiragi ɗaya da ƙarin albashi kafin a rufe cinikin, jerin ya fito daga masu sasanci a ƙarshen shekarar, an yi gunaguni amma aka wuce.

Abin bai tsaya min a takarda ba. A inda nake aiki an taɓa haɗe mu da wani ƙaramin kamfani, kuma har yau ina ganin safiyar da aka manna sabon jerin matakai a allon sanarwa, wani dattijo daga ɓangarensu ya sa tabarau yana bin sunaye da yatsa daga sama, ya wuce shafin farko, ya wuce na biyu, sai a na uku ya tsaya, ƙarƙashin yaran da za a ce ya haife su. Mu da muka fi yawa ko a jikinmu, ni ma lokacin gani nake daidai ne tun da mu muka saye su. Sai da na karanta labarin waɗancan 1,700 ɗin fuskarsa ta dawo min.

Ranar da na gabatar da furojet ɗin malam ya tambaye ni, to kai a ina za ka sa wanda aka ɗauka a 1988 yana gida ba aiki? Na ce da ni ne mai sasanci da na ba shekarunsa wani nauyi, ba zan jefa shi can ƙasa ba, amma da ni ne shi kuma hukunci ya fito haka, zan karɓa in juya in nemi haƙƙina a wajen kamfani tare da 'yan yamma. Wata 'yar ajinmu da aka taɓa sallamar mijinta daga aiki ta ce faɗa da baki ai sauƙi gare shi, muka ci gaba da musun har bakin get.