Shekara da shekaru ina auren furen auduga, da abin da Tangüis ya riga ni gani

Ni fa ba masanin tsirrai ba ne, kawai dai labarin wani mutum na karanta ya hana ni sakat. Sunansa Fermín Tangüis, an haife shi a Puerto Rico a 1851, ya koma Peru yana saurayi, ya yi aikin akanta, ya yi harkar ma'adinai, sai da ya kusa shekara arba'in sannan ya kama noman auduga a kwarin Pisco. Ana cikin haka cutar yaushi ta faɗa wa gonakin yankin, manoma suna ji suna gani audugarsu na bushewa a tsaye, shi kuma ya duƙufa wajen shekara goma yana gwaji yana zubarwa, har a 1911 ya fito da irin da cutar ba ta kayarwa. Har yau sunansa irin yake amsawa. Na ce a raina, to in akanta zai iya ni me zai hana ni? Wallahi girman kai ne, amma lokacin ban sani ba.

Na samo iri biyu, ɗaya mai yawan 'ya'ya amma zarensa gajere, ɗayan zarensa dogo sai dai rowar 'ya'ya gare shi, na ce bari in aurar da su. Ita auduga furenta da namiji da mace duk a wuri ɗaya suke, in ka ƙyale ta kanta take yi wa barbara, don haka dole ka riga ta. Da yamma za ka zaga ka nemo furen da zai buɗe gobe, yana nan a naɗe kamar ɗan kyandir, ka sa farce ka yanke ganyen furen ka ɓare 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da garin namiji gaba ɗaya, ka bar tsinken macen tsirara a tsakiya, sannan ka rufe da 'yar jakar takarda kar ƙudan zuma ya kawo ma baƙo. Washegari da hantsi ka tsinko buɗaɗɗen fure daga uban, ka goga garin a kan tsinken, ka sake rufewa, ka ɗaura alama. A baki kamar wasa. Satin farko rabin furannin ni na kashe su da hannuna, farce ya zarce ya ƙwarzane ɗan ƙwallon da ke ƙasa, bayan kwana uku sai ka tarar da shi a ƙasa da alamarka a wuyansa. Wani kuma ka bar ƙwayar namiji guda ɗaya tak ba ka lura ba, shi ke nan ta auri kanta, kai kana can kana murna.

Sai batun alama, nan kam na yi wauta. Da biro na rubuta a takarda, ruwa ɗaya ya wanke komai, ƙwallo ya yi wajen wata biyu ya fashe fari tas amma ban san waye uban waye ba. Tun daga ranar na koma fensir da zare mai launi, kuma komai sai ya shiga littafi kafin in bar kunyar.

Shekara ta biyu na shuka 'ya'yan auren suka fito kansu ɗaya, gwanin sha'awa, har na fara tunanin sunan da zan raɗa wa irin nawa. Jikokin ne suka kunyata ni, wani dogo wani gajere, wani ganye kawai ya tara, wani zaren ko na kakarsa bai kai ba. Ashe haka abin yake, tsara ta farko ruɗi ce, a ta biyu halaye ke rarrabuwa, kuma daga nan ne ainihin aikin yake farawa, ka zaɓi kaɗan ka tumɓuke sauran. Tumɓukewar nan da ciwo fa, shukar da ka yi wa ban ruwa da hannunka.

Amma babban kuskurena a wurin zaɓe ne. Na je gefen da ƙasa ta fi kyau na ɗebi waɗanda suka fi ƙiba na ce su ne gwanaye. Da na shuka guryarsu a ɗaya gefen, inda dama auduga ke yawan yaushi, suka zube kamar ba su ba. Na tsaga karan ɗaya da wuƙa, cikin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, alamar funfunar nan da ke zaune cikin ƙasa ta shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa. A nan na zauna bakin kunya na tuna Tangüis. Shi ai cutar ce ta zama alƙalinsa, abin da ya rage a tsaye bayan ta yi ɓarna shi ne abin nema, ni kuwa na je ina zaɓen 'yan gata waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Ƙibar tasu ta taki ce, ba ta gado ba.

Wani abin da ya ƙara sanyaya min jiki, shi kansa irin Tangüis bai zauna yadda ya bar shi ba. Ya rasu a 1930, irin ya yi ta gauraya a gonaki, har sai da wani Bature masanin auduga, Sydney Harland, ya yi aikin sake tace shi a Peru a shekarun 1940. In nasa ya buƙaci haka, ina ga nawa da nake gurzawa da hannu ina zubawa a ambulan.

Bana dai a wancan mugun gefen na shuka komai da gangan. Yawanci sun mutu, saura bakwai a tsaye, biyu daga ciki ma ban yarda da su ba don ina zargin cutar ce ba ta kai wurinsu ba. Na ɗaura musu jan zare, kowace guryarta ambulan daban, baɗi a nan za su koma.