Mujiyar Atina a tafin hannuna

Da na fara tara tsofaffin sulallan Girka, mujiyar Atina na sa a gaba, wato sulen azurfa na birnin Atina mai hoton mujiya. Wadda ƙarfina ya kai ita ce mai sara a tsakiyar fuska, don masu kuɗi ba sa son mai tabo. Ni kuwa saran ne ya ja ni.

Abin da na fara koya shi ne a ɗora kan sikeli kafin a saurari zaƙin bakin dillali. Sulen dirakma 4 na Atina yana kai giram 17.2, ko ƙasa kaɗan idan ya sha hannu. Sai a duba gefe. Na gaske bugu ne: a aza curin azurfa tsakanin hatimi biyu, a sauke guduma, shi ya sa ba ya fita da'ira sosai. Na jabu sau da yawa zubi ne, za ka ga layin haɗi da ƙananan ramuka. Kuma kada a goge shi ya yi ƙyalli, an rage masa daraja ke nan. Wanda babu takardar asalinsa ba na taɓawa.

Saran nan aikin wani ɗan kasuwa ne na zamanin da, da ya so ya tabbatar ba tagulla aka lulluɓe da azurfa ba. An tono irinsu da yawa a Masar da ƙasar Sham, nesa da garin da ya buga su. Gefe ɗaya kan Atena ne, abar bautar mutanen garin, da hular yaƙi, ɗayan mujiya da reshen zaitun da ɗan jinjirin wata.

Azurfar daga ramukan Lauriyon, kusa da Atina, ta fito, kuma bayi ne suka haƙo ta cikin duhu da ƙunci. Wannan yana damuna duk lokacin da na riƙe ta. Wajen shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka dace da babbar jijiyar azurfa, Temistokilis, wani jagoran Atina, ya shawo kan mutanen gari a ƙera jiragen yaƙi maimakon a raba kuɗin. Da jiragen aka karya Farisawa a Salamis a 480.

Yanzu na Ejina nake nema. Tsibirin yana cikin na farko da suka buga azurfa a Girka, da hoton kififfiya, alamar mutanen teku. Bayan Atina ta murƙushe shi wajen 457, kififfiyar ta koma kunkurun tudu. Duka biyun nake so in ajiye kusa da juna.