Yadda na zagaya ina rubuta sunayen wuraren ƙauyenmu

Abin da ya tunzura ni shi ne ranar da na ce wa ɗan yayana ya kai wa masu noma abinci Gindin Kuka, yaron ya tsaya yana kallona wai ina ne nan, alhali gonar ubansa ce. Gaskiyarsa kuma, kukar ta faɗi tun kafin a haife shi, sunan ne kawai ya rage a bakin manya.

Da rani bayan an gama girbi sai na sayi littafi da biro na fara da gidan dagaci, don a ƙauye ba ka shiga gonakin mutane kana rubuce-rubuce haka kawai, yanzun nan za a ce gwamnati ce ta turo ka awon fili. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da ni, ya yi dariya ya haɗa ni da masu unguwanni. To su sunayen unguwanni kawai suka ba ni, waɗanda kowa ya sani. Sati biyu na ɓata a haka.

Ashe sunayen na wajen tsofaffin mata masu zuwa itace da Fulani masu kiwo. Wata kakarmu ita kaɗai ta jero min fadamu da rijiyoyi da kufai da burtali har hannuna ya gaji, tana yi tana cewa kai ɗan nan rubuta mana, me kake jira. A wajenta na gane yawancin sunayen nan ba wani sirri a ciki, bishiya ce ko ruwa ko wanda ya fara saran dajin. Kamar dai yadda Kano ke da Rimin Gado da Ɗorayi da Rijiyar Zaki, ko Kafin Hausa a Jigawa, wanda kafi shingen itace ne da ake kewaye gari saboda mahara. In ka ji Zango fatake sun taɓa yada zango a wurin, Ruga kuwa ka san Fulani ne. Kufai ne ya fi taɓa ni wallahi, ka tsaya cikin gonar gero a ce maka nan gari ne da, ka duƙa ka ga fasassun tukwane cikin kunya.

Kuskurena babba, da farko ban ɗauki murya ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuka ta miya da kukan hawaye duk ɗaya suke a takarda, har wani matashi ya karanta littafina ya fara ba ni labarin wai wata amarya ce ta yi kuka a wurin! Daga nan na koma ɗauka da waya. Takardun hukuma kuma sai ka ga U/Gabas ko T/Wada, ba ƙugiya ba komai, ba za su taimake ka sosai ba.

Akwai wata rijiya da gida biyu ke jayayya a kan sunanta, kowa ya ce kakansa ne ya haƙa. Na rubuta duka biyun da bakin wanda na ji, ban yi alkalanci ba, ina ni ina raba rigimar da ta girme ni. Har yanzu ɓangaren arewacin gari ban taɓa ba, sai an sake girbi.