Karyar Da Muka Ɗauko Saboda Ɗanmu Mai Lalurar Otizim

Ɗanmu na biyu yana da shekara 4 lokacin da likita ya tabbatar mana cewa yana da lalurar otizim, wadda mutanenmu suke haɗa ta da wasu lalurori su kira galahanga. Ba ya magana sai 'yan kalmomi, ba ya haɗa ido da mutum, ƙarar injin niƙa tana sa shi ya toshe kunnuwa ya faɗi yana birgima, kuma da zarar ya ga ƙofar gida a buɗe sai ya fice a guje. Abu ɗaya da muka lura yana tsayar da shi cak shi ne karen wani maƙwabcinmu a nan Jos, domin yakan tsuguna ya yi ta kallonsa har kusan rabin awa, shi da ba ya iya zaman minti 5 a wuri guda. Ganin haka ne maiɗakina ta kawo shawarar mu samo masa nasa.

Kafin in nemi kare sai da na nemi fatawa, saboda Hajiya mahaifiyata ta ce ƙafarta ba za ta sake taka gidan da aka ajiye abin da ke korar mala'iku ba. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa ya karanto mini hadisin da ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma gargaɗe ni cewa ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba da wata buƙata ba. Ya ce malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗancan ukun, har ya ba ni labarin da aka ruwaito game da Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7 bin umarni ne kawai. Da na ce, "Allah ya gafarta Malam, lalurar yaro ta shiga cikin buƙatar?" sai ya ce a ganinsa ta shiga, matuƙar karen zai zauna a tsakar gida da kaskonsa daban, ba ya shiga ɗakuna. Ya kuma ce in samu kyauta ya fi, saboda saɓanin malamai a kan kuɗin kare. Wannan shawarar ta ƙarshe ce ban bi ba.

Na sayi ɗan kwikwiyo a hannun wani mai tallar karnuka a bakin titi, irin karen 'yan sandan nan na Jamus, don kawai ya yi mini kyau kuma an yi mini araha. Bai wuce mako 5 da haihuwa ba, kuma ba shi da katin rigakafi. Ya kwana yana kuka, ya wuni yana cizon duk abin da ya samu da haƙoransa masu kama da allura, har yaron da muka kawo shi dominsa ya daina fitowa tsakar gida. A kwana na 10 ya fara amai da gudawa mai jini, likitan dabbobi ya ce cutar fabo ce, kuma bai kai mako ba ya mutu. Likitan ya bayyana mini cewa ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo, sannan ƙwayar cutar tana iya yin watanni da rai a cikin ƙasa. Muka wanke gidan da bilic, muka haƙura na wani lokaci.

Da muka koma wurin likitan dabbobin, tambayar da na fara yi ita ce wane iri ne ya fi dacewa, domin na karanta cewa a Turai da Amurka Labrador ake yawan horarwa don taimakon makafi da yara irin nawa. Ya ce haka ne, amma waɗannan karnukan sukan shafe kusan shekara 2 a hannun ƙwararru, don haka kada in yaudari kaina cewa sunan iri kawai zai ba ni abin da horo ya ba su. Ya hana ni manyan karnukan gadi irin su Boerboel, waɗanda ko da wasa suka bangaji yaro sai ya kai ƙasa. Shawararsa ita ce in nemi kare wanda ya riga ya girma cikin yara, saboda halinsa ya fito fili, shi kuwa kwikwiyo ba wanda ya san abin da zai zama.

Ta hannunsa muka samu wata baƙar karya ta gida, 'yar shekara ɗaya da rabi, wadda masu ita za su tashi daga garin. Sau 3 muka ziyarce ta kafin mu ɗauko ta, kuma a nan ne na fi mai da hankali. Na saki farantin ƙarfe a kan siminti, ta zabura, amma nan take ta dawo tana shinshina shi. Likitan ya taɓa kunnenta da ƙafafunta da wutsiyarta, ba ta yi gurnani ba. Abin da ya yanke mana hukunci shi ne lokacin da yaron ya yi irin ihun da yakan yi idan ya ji daɗi, yana kaɗa hannuwa: ta ɗaga kai ta dube shi, ta koma ta kwanta. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, kuma 'yan'uwan yaron sun yi ta ƙorafi a hanya. Muka bar mata sunanta na asali, Duna.

Batun lafiya ban yi wasa da shi ba a wannan karon. Ana yi mata allurar rigakafin haukar kare duk shekara, kuma mu mutanen Filato ba mu da uzuri, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana kusa da mu kuma tana haɗa wannan allurar. Ana ba ta maganin tsutsar ciki duk wata 3, muna cire mata kaska, kuma ana kwashe kashinta tun da asuba, saboda yaron yana wasa da ƙasa yana kai hannu baki. Kowa a gidan ya haddace cewa idan kare ya ciji mutum, ana wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti. Ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne, domin albasa da tafarnuwa suna cutar da kare, haka goro da cakulan da dafaffen ƙashin kaza.

Horon yaron ya fi na Duna wuya. Maiɗakina ta zana masa hotuna ta manna a bango: ba a taɓa Duna tana cin abinci, ba a taɓa ta tana barci, ba a jan wutsiya. Duk da haka, wata rana ya ja ta tana kan kaskonta, ta yi masa gurnani, ni kuwa na tashi na zane ta da bulala. Da na ba likitan labari sai ya ce, "Malam, ka yi kuskure, gurnani gargaɗi ne, idan ka hana ta gargaɗi, wata rana cizo za ta yi kai tsaye." Ya koya mini alamun da ke zuwa kafin gurnani, wato hamma ba tare da barci ba, lasar baki, kau da kai da sa wutsiya a tsakanin ƙafafu. Tun daga ranar muka yi mata akurki inda yara ba sa shiga, kuma ba mu ƙara barin su su biyu ba tare da babba ba, ko da na shiga banɗaki ne.

Yanzu shekararta 3 a gidan. Yaron ne yake zuba mata abinci kowace safiya, sunanta yana cikin kalmomin da yake furtawa sarai, kuma idan abin nasa ya motsa yakan fi saurin lafawa idan ya zauna ya ɗora hannu a bayanta. Ficewa a guje kuwa ba ita ta magance ba, sakatar da muka sa a saman ƙofa ce, kuma har gobe muna kai shi wurin mai koya masa magana. Haushinta na dare ma yakan tashe shi ya hana mu barci. Hajiya ta dawo zuwa, sai dai tana shimfiɗa dardumarta a ɗaki ta rufe ƙofa. Abin da ke gabanmu yanzu shi ne kare ba ya cika wuce shekara 12 zuwa 14, yaron kuwa ko kofin shayinsa aka canza sai an yi rigima, shi ya sa malamarsa ta ce mu fara nuna masa hotunan Duna na da da na yanzu, yana ganin furfurar da za ta riƙa fito mata a baki.